Baƙin Allo Ba Dodo Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ke damuna a tsakanin matasan Kano masu tsara shafukan intanet. Yaro zai ƙware a WordPress da Elementor, ya iya zaɓen launi da haruffa har ya burge ka, amma da ka buɗe masa baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, sai ya ja baya ya ce, "Yallaɓai, wannan ai na masu kodin ne, ni zane nake yi." Ni kuwa a ganina duk mai karɓar kuɗin mutane don ya gina musu shafi, wajibi ne ya saba da allon nan, ya kuma koyi Git.

Na ɗanɗana kafin in faɗa. Na taɓa gina wa wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari shafi. Wata ranar Alhamis na yi ɗan gyara, na ɗora sabon fayil a kan tsohon, sai jerin farashi ya wargaje. Tsofaffin kwafi suna nan, amma sunayensu "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe sosai". Kwana uku ina lalube, Alhaji yana kira, ga kwastomominsa suna ganin farashin bara. Kunyar ta fi asarar zafi.

Git littafin ajiya ne irin na ɗan kasuwa mai tsari. Duk gyaran da ka yi, ka rubuta git commit da ɗan bayani, zai adana abin da ya canza, da ranar, da sunanka, da dalilinka. Ka buga git log ka ga tarihin aikin kaf, git diff kuma ya nuna maka layin da aka taɓa. In za ka gwada sabon fasali, ka buɗe reshe ka yi wasanka a can, asalin aikin yana nan lafiya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka gina shi. Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005 saboda masu aikin Linux da ke warwatse a duniya, don haka kowa yana riƙe da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa. Ba ka buƙatar data kafin ka adana gyara. Ka ɗauka mai zane yana Tazrouk, can cikin duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, abokin aikinsa yana Sabon Gari. Kowa zai yi aikin mako guda shi kaɗai, ranar da sabis ya samu su tura da git push, a haɗe aikin. Mu da ake ɗauke wa wuta ana tsakiyar aiki, data ta ƙare ba sallama, mun fi kowa dacewa da wannan kayan aiki.

Wasu za su ce ai akwai GitHub Desktop mai maɓallai. Gaskiya ne, kuma ban hana ba. Sai dai ranar da ka yi hayar sabar ka shiga ta SSH, babu maɓalli ko ɗaya a gabanka. Umarnin da za ka fara da su ba su kai yatsun hannu ba: cd don shiga folda, ls don ganin abin da ke ciki, mkdir don buɗe sabuwa. Mai Windows yana da Git Bash, mai wayar Android yana da Termux.

Wahalar gaske ita ce harshe. In gyaran mutum biyu ya ci karo, saƙon da ke fitowa Turanci ne mai tsauri, a nan da yawa suke karaya. Shi ya sa nake son cibiyoyin da ke koyarwa da Hausa, irin su Engausa, su sa Git a makon farko. Yanzu ma da yara ke sa ChatGPT ya rubuta musu kodi, abin ya ƙara zama dole, domin za ka liƙa gyara a fayil goma ba ka san abin da ya canza ba.

Yaran da ke koyon aiki a wurina, ranar farko ba ma taɓa launi. Kowa zai buɗe folda, ya rubuta git init, ya adana fayil da git commit, ya goge shi da gangan, sannan ya dawo da shi da hannunsa.