BABI NA HUƊU: MARTANIN MASU KARATU GA LITTAFIN *HEARTBREAKER* NA JULIE GARWOOD

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi nazarin jigo da zubi da tsarin littafin *Heartbreaker*, wanda Julie Garwood (1944-2023) ta wallafa a Amurka a shekarar 2000. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne ga masu karatu, domin a ga yadda suka karɓi littafin da kuma dalilan da suka sa ra'ayoyinsu suka sha bamban. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: shin ƙorafin da wasu suka yi ya samo asali ne daga raunin littafin, ko kuwa daga abin da su masu karatun suka zo da shi a zukatansu kafin su buɗe shi? Amsar wannan tambaya tana da muhimmanci, domin da ita ce za a san ko hukuncin mai karatu abin dogaro ne wajen tarken ƙagaggen labari irin wannan, wanda ya haɗa soyayya da binciken laifi.

4.1 Ra'in da Aka Ɗora Nazarin a Kai

An ɗora wannan babi ne a kan mazhabar tarken adabi da ke bai wa mai karatu muhimmanci. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Konstanz ta ƙasar Jamus a 1967, Hans Robert Jauss ya nuna cewa kowane mai karatu yana tunkarar littafi ne da wani tsammani da ya gina daga littattafan da ya karanta a baya, kuma da wannan tsammani ne yake auna sabon littafi. Shi kuwa Wolfgang Iser (1976) ya yi bayanin cewa marubuci yakan bar giɓi a cikin labari, mai karatu ne ke cike shi da tunaninsa. Stanley Fish (1980) ya ƙara da cewa masu karatu rukuni-rukuni ne, kuma kowane rukuni yana da ƙa'idojin da yake bi wajen fahimtar matani.

Aikin da ya fi kusa da wannan nazari shi ne na Janice Radway (1984), wadda ta bincika ra'ayoyin mata 42 masu karanta littattafan soyayya a wani gari na Amurka da ta laƙaba wa suna Smithton. Ta gano cewa abubuwan da suka fi so su ne labari ya ƙare cikin farin ciki, soyayya ta ginu sannu a hankali, kuma tauraruwa ta kasance mai basira da tsayuwa da ƙafafunta. Sun kuma nuna ƙyamarsu ga labarin da ya cika cin zarafin mata. Waɗannan ma'aunai za su yi amfani a sassan da ke tafe.

4.2 Tsammanin Masu Karatu Kafin Fitowar Littafin

Garwood ta yi suna ne da labaran soyayya na zamanin da. Tun daga *Gentle Warrior* (1985) har zuwa *The Bride* (1989) da *The Secret* (1992) da *Ransom* (1999), yawancin labaranta sun wakana ne a Ingila da tsaunukan Sikotland na ƙarnonin baya, wasu kuma a yammacin Amurka na ƙarni na 19, kamar *For the Roses* (1995). Ke nan ta shafe kimanin shekara 15 tana sabar wa masoyanta da jarumi mai takobi, da tauraruwa mai ban dariya da taurin kai, da rikicin dangi wanda aure ke warwarewa.

A ɗaya ɓangaren kuma, jami'in Hukumar Binciken Manyan Laifuka ta Tarayyar Amurka, wato FBI, ya riga ya zama sanannen tauraro a adabin ƙasar. An kafa hukumar a 1908, ta sami sunanta na yanzu a 1935, sa'annan a 1972 ta buɗe sabuwar makarantar horar da jami'anta a Quantico tare da sashen nazarin halayyar masu laifi. Littafin Thomas Harris mai suna *The Silence of the Lambs* (1988) da fim ɗinsa na 1991 sun sa jama'a sun saba da labarin jami'in da ke farautar makashi ta hanyar karantar tunaninsa. Ita ma Catherine Coulter, wadda marubuciyar soyayyar zamanin da ce, ta riga Garwood shiga wannan fage da *The Cove* (1996) da *The Maze* (1997). Saboda haka lokacin da *Heartbreaker* ya fito, rukuni biyu ne suka tarbe shi, kowane da nasa ma'aunin.

4.3 Abubuwan da Suka Gamsar da Masu Karatu

Abu na farko da masu yabon littafin suka fi ambatawa shi ne mabuɗinsa. Labarin ya fara ne a ɗakin furta zunubi na wani cocin Katolika a birnin Kansas, inda wani mutum da ba a ga fuskarsa ba ya nemi Fada Tom Madden ya gafarta masa zunubin da bai riga ya aikata ba, wato kisan Laurant, ƙanwar shi fadan. Wannan mabuɗi ya yi tasiri ne saboda ya juya al'adar da mai karatu ya sani. Wurin da ake zuwa neman tuba ya koma wurin yin barazana, kuma wanda aka ɗora wa nauyin riƙe asiri shi ne wanda abin ya fi shafa. Tun a shafukan farko an bar giɓi babba irin wanda Iser ya yi magana a kai: wane ne wannan mutum, kuma me ya sa ya sanar da niyyarsa?

Abu na biyu shi ne raha. Tsofaffin masoyan Garwood da suka karɓi littafin sun nuna cewa sun sake jin muryarta a cikin zolayar da ke tsakanin Nick Buchanan, jami'in FBI kuma aminin Tom tun yarinta, da abokin aikinsa Noah Clayborne, wanda aka sa wa tufafin fada domin ya tsare Tom. Haka kuma tsoron shiga jirgin sama da aka bai wa Nick, da tsofaffin mata biyu maƙwabtan Laurant masu sa ido a garin Holy Oaks na jihar Iowa, duk sun rage nauyin tashin hankalin da ke cikin labarin. Ƙaramin garin da kowa ya san kowa ya yi aikin da ƙauyen dangi yake yi a littattafanta na baya.

Abu na uku shi ne sunayen taurari. Masu karatu sun lura cewa Buchanan sunan dangin tauraron *Ransom* ne, Clayborne kuma sunan iyalin da ke cikin *For the Roses*. Da yawa sun ɗauki sababbin taurarin a matsayin jikokin na da. Wannan dabara ce da ta zama gada tsakanin tsohon salon marubuciyar da sabo, kuma ta nuna cewa ta san da zaman masoyanta na farko.

4.4 Ƙorafe-ƙorafen Masu Karatu

Za a iya kasa ƙorafe-ƙorafen gida uku. Na farko shi ne na tsofaffin masoya, waɗanda suka ga cewa bincike ya cinye filin soyayya. Sun kuma ƙi jinin wuraren da marubuciyar ta shiga cikin tunanin makashin, ta nuna yadda yake jin daɗin azabtar da mata. Wannan ya yi daidai da abin da Radway ta gano, domin mai karatun da ya ɗauki littafi don ya huta daga wahalhalun rayuwa ba zai ji daɗin a zaunar da shi cikin ƙwaƙwalwar mai kisa ba.

Na biyu shi ne na masu sha'awar labaran binciken laifi, waɗanda kukansu kishiyar na farko ne. A ganinsu soyayya ce ta rage wa bincike gudu. Sun yi mamakin yadda ƙwararren jami'i zai amince ya tsare matar da zuciyarsa ta kamu da sonta, alhali sanin kowa ne cewa hakan yana gurɓata hukunci. Sun kuma ga cewa shirin da aka yi na Nick da Laurant su nuna wa gari sun yi baiko domin su harzuƙa makashin ya fi kama da dabarar haɗa masoya a gida ɗaya fiye da dabarar 'yan sanda. Har ila yau, wasu sun ce mutumin garin da aka fara ɗora wa zargi, mugun halinsa ya fito fili da yawa, ta yadda mai karatun da ya saba da irin waɗannan labarai zai gane tun da wuri cewa ɓad da sawu ne kawai.

Na uku ya shafi tauraruwar. Wasu sun yaba mata saboda ita ce ta nace a koma Holy Oaks ta zama tarko, maimakon ta ɓuya ta bar makashin ya ci gaba da kashe wasu mata. Wasu kuma sun ga cewa bayan wannan shawara guda, sauran al'amura duk maza ne suka gudanar da su, ita kuwa tana jira a tsare ta.

4.5 Tarken Ra'ayoyin

Idan aka auna ƙorafi na farko da na biyu, za a ga cewa kowane yana rushe ɗan'uwansa. Shafukan da wani ya ce sun yi yawa su ne wani ya ce sun yi kaɗan. Wannan ya tabbatar da maganar Fish, wato kowane rukuni da ƙa'idarsa yake karatu. Mai neman soyayya ya san tun farko cewa Nick da Laurant za su ƙare tare, abin da yake jira shi ne hanyar da za a bi. Mai neman bincike kuwa yana son a hana shi sanin ƙarshe har shafin ƙarshe. Labarin da ya haɗa su biyun dole ne ya tauye wa kowa wani abu, domin tabbacin da soyayya ke bayarwa yana rage fargaba, fargaba kuma tana katse soyayya. Don haka waɗannan ƙorafe-ƙorafe sun fi bayyana tsammanin masu karatu fiye da raunin littafin. Ko batun jami'in da ya faɗa son wadda yake tsarewa, littafin bai kau da kai daga gare shi ba, domin shi kansa Nick ya ɗauki abin a matsayin matsala, ga aikinsa da kuma amincinsa da Tom. Wannan damuwa ce ta zama shingen da ke tsakanin masoyan, kamar yadda gabar dangi take zama shinge a littattafan marubuciyar na baya.

Ƙorafi na uku kuwa yana da tushe a cikin matanin kansa, kuma ba za a iya jingina shi ga tsammani kaɗai ba. A ƙarshen labarin an gano cewa ainihin wanda makashin yake hari shi ne Nick, domin ɗaukar fansar abin da ya faru a wani aikin da jami'in ya yi a baya. An zaɓi Laurant ne saboda ita ƙanwar amininsa ce, kuma barazana gare ta za ta jawo shi. Ta fuskar zubi wannan juyi ya yi kyau, domin ya cike giɓin da aka bari a mabuɗi, ya bayyana dalilin da ya sa makashin ya je wurin Fada Tom ya tona niyyarsa da bakinsa. Amma ta fuskar tauraruwa ya rage mata matsayi. Matar da aka ɗauka ita ce cibiyar labarin ta koma abin da maza biyu suke fafatawa ta kansa. Har shawarar da ta yanke ta zama tarko ta rage armashi, tunda an riga an mayar da ita tarko tun kafin ta sani. Idan aka tuna cewa matan da Radway ta bincika sun fifita tauraruwa mai tsayuwa da ƙafafunta, za a fahimci dalilin da ya sa wasu suka rufe littafin da jin cewa an rage musu wani abu, ko da yake an ba su ƙarshen farin cikin da suke nema.

Abin da ya biyo baya ma ya ƙara haske. Littafin ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar *New York Times*, kuma Garwood ta ci gaba da labaran iyalin Buchanan. A *Mercy* (2001) ta yi tauraruwarta likitar tiyata, wato mace mai sana'ar da ke da tasiri a cikin labarin. A *Shadow Dance* (2006) ta bai wa Noah Clayborne nasa labarin, sa'annan a *Shadow Music* (2007) ta koma tsaunukan Sikotland. Waɗannan littattafai sun zo daidai da abubuwan da masu karatun *Heartbreaker* suka nema, wanda hakan ke nuna cewa a adabin da kasuwa ke ɗauke da shi, muryar mai karatu ba ta faɗuwa ƙasa banza.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an duba martanin masu karatu ga littafin *Heartbreaker* bisa ra'in Jauss da Iser da Fish da kuma binciken Radway. An ga cewa mabuɗin labarin da rahar da ke cikinsa da sunayen taurarinsa su ne suka fi gamsar da masu karatu. An kuma ga cewa saɓanin da aka samu a kan yawan soyayya ko yawan bincike ya taso ne daga bambancin tsammanin rukunoni biyu, alhali ƙorafin da aka yi a kan matsayin Laurant yana da hujja a cikin zubin labarin. Ke nan wajibi ne matarki ya tace ra'ayin mai karatu, ya raba abin da ya fito daga sabo da abin da matani ya tabbatar. A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da sakamakon binciken gaba ɗaya.