Bahago da Tsirkiya: Yadda Kayan Kiɗanmu Ke Karɓar Hannun Hagu

Har yau yaran Ƙofar Gayan, kamar na sauran unguwannin birnin Zazzau, suna haɗa kuntigin wasa da gwangwanin kifi, ɗan sanda da wayar birkin keke. Duk wanda ya tsaya ya lura zai ga cewa in yaran sun yi yawa, da wuya a rasa ɗaya da ya rungumi abin ta ɗaya ɓangaren, sandan na kallon dama, yatsun hagu na kaɗawa. Ba wanda ya koya masa, hannunsa ne ya zaɓa. Masu bincike sun daɗe da ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na 'yan Adam bahagwai ne. To, ranar da wannan yaro ya girma ya nemi abin kiɗa na gaske, wa za a juya, shi ko abin kiɗan?

A ƙasashen da ake ƙera kayan kiɗa a masana'anta, wannan tambaya tana da nauyi. Akwai wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele, wadda aka haifa a tsibiran Hawai bayan da baƙi 'yan Fotugal daga Madeira suka sauka can a 1879, cikinsu da kafintoci irin su Manuel Nunes da Augusto Dias. Tsirkiyoyinta G, C, E da A ne. Biyun gefe sirara ne, C ce ta fi kauri, kuma kowace tana kwance a cikin tsagar da aka yanka daidai kaurinta a saman wuya. Idan bahago ya juya ta kawai, duk tsarin ɗora yatsu da ke cikin littattafan koyo ya koma masa a kife. Idan kuma ya kwance tsirkiyoyin ya sauya musu wuri, sai ya nemi ƙaramar zarto ya faɗaɗa tsagar da C za ta koma, sannan E ta zauna a tsagar da ta yi mata yawa, wani lokaci har ta riƙa karkarwa. Wannan ma ana ganinsa aiki mai sauƙi. A babbar jita mai tsirkiya shida wahalar ta fi haka, shi ya sa Jimi Hendrix ya riƙa kife jitar 'yan dama yana sake mata tsirkiya, Elizabeth Cotten kuwa ta kife tata ta bar tsirkiyoyin yadda suke, ta fito da salon kiɗan da har yau ake kira da sunanta.

Mu a nan ba haka abin yake ba, kuma ina ganin ba mu lura da wannan arziki ba. Kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya zagaya duniya da shi har rasuwarsa a 2015 tsirkiya ɗaya gare shi, a tsakiya. Ba shi da dama, ba shi da hagu. Kukumar da Ibrahim Na Habu ya ɗaukaka, wadda Hassan Wayam ya yi zamaninsa da ita a nan Zariya, ita ma haka. Goge kuwa dunƙulen izgar doki ne guda, a kan ƙwarya da fatar guza. Abin da kawai bahago zai roƙi mai haɗa goge shi ne ya huda ƙofar da sauti ke fita ta ɗaya gefen fatar. Kalangu ma duk hammatar da aka sa shi zai yi magana.

Inda aikin yake shi ne garaya, gurmi da molo, domin su tsirkiyarsu ta wuce ɗaya, kuma kowace da muryarta: wata babba, wata ƙarama. Na molo uku ne, ba tsawonsu ɗaya ba. In aka kife molo ba a taɓa komai ba, wadda ya kamata ta zo ƙarƙashin babban yatsa sai ta koma ƙasa, kiɗan ya rikice. Amma dubi yadda aka haɗa su. Wuyan sanda ne mai zagaye, babu ƙarafan tsakani, babu kunnuwan murɗawa, babu tsagar da aka yanka wa kowace tsirkiya. Da 'yar tsagiyar fata ake ɗaure kowace a jikin sandan, a ja ta sama ko ƙasa har murya ta zauna. Jakin da tsirkiyoyin ke hawa kuma ɗora shi aka yi, ba manne shi ba. Saboda haka mai garaya zai kwance, ya sauya musu gurbi, ya ɗaure, ya gama kafin a kira La'asar, ba zarto, ba sisin kwabo. Gurmi irin na Haruna Uji na Haɗeja ma haka yake. Ga kuma babban dalili: ba a sayen waɗannan kaya a kanti. Ko makaɗi ya haɗa abinsa, ko ya sa a haɗa masa daidai jikinsa.

Ke nan matsalar bahagonmu ba ta itace da fata ba ce, ta mutane ce. David Ames, wanda ya zauna da makaɗan Zazzau a shekarun 1960, da Anthony King, wanda ya yi nasa aikin a Katsina, sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, kuma abin da ya fito fili a irin wannan bincike shi ne cewa kiɗa sana'a ce ta gado da barantaka. Yaro yana koyo ne da kallo, a gaban uba ko ubangida. In ubangida da dama yake kaɗawa, to da dama ake kaɗawa, magana ta ƙare. Yaron da tun yana rarrafe ake doke masa hannu in ya miƙa hagu, ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba zai iya buɗe baki ya ce, "Baba, ni ta nan ya fi mini daɗi" ba.

Ba ina ja da ladabin ci da sha da gaisuwa da dama ba. Wannan Sunna ce, kuma bahagwai da kansu suna kiyaye ta. Amma mun ɗauki hukuncin akushi mun shimfiɗa shi kan alƙalami, almakashi, guduma da tsirkiya, inda babu wanda ya ɗora mana shi. Kuma a kiɗan garaya hannun da ke kaɗawa shi ke riƙe da amo da sauri, shi ke sa mai rawa ya tashi. Idan aka ba hannun da ya fi rauni wannan aiki, yaron zai iya, amma da ƙyar, sai a ce ba shi da baiwa, ya ajiye. Mu ne muka yi asarar makaɗi ba mu sani ba. Alhali koya wa bahago ya fi sauƙi ta wata fuskar: in ya zauna suna fuskantar juna da ubangidansa, hannun da yake kaɗawa da shi yana daidai saitin na ubangidan, sai bi kawai.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna mana abin da ke faruwa in aka ƙyale hannu. Mdou Moctar, Buzu kuma bahago, da wayar keke ya haɗa jitarsa ta farko, kamar dai yaran Ƙofar Gayan. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, cike da tasirin waƙoƙin Hausa na zamani. Yau yana cika dandali a Amurka da Turai da hannunsa na hagu.

Masu haɗa garaya da gurmi sai raguwa suke a birnin nan, matasa sun karkata ga fiyano da kwamfuta, ba mu da yaran da za mu yi wasa da su. Don haka ina roƙon iyayenmu makaɗa da malaman da ke koyar da kiɗa a nan Zariya: in yaro ya zo koyo, a miƙa masa abin kiɗan a tsaye, a ga hannun da zai karɓa da shi, sannan a ɗaure masa tsirkiya daidai da wannan hannu.