3.4 Gidan Limaman Mishan na Badagiri: Tsarin Gininsa da Matsayinsa a Tarihi

A wannan sashe za a dubi tsohon gidan da ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta gina wa limamanta a Badagiri, cikin Jihar Legas ta yanzu. An kammala ginin a shekarar 1845 a ƙarƙashin kulawar Rabaran C. A. Gollmer, wani Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar. Ana yi wa gidan kirari da “benen farko a Nijeriya”, kuma wannan kirari ne nazarin zai auna.

Ta fuskar tsari, gidan ba shi da wani ado na a zo a gani. Ƙasa da sama ne kawai, da rufin kwano, da matakala ta katako, ga tagogi masu yawa suna fuskantar bakin ruwa. Idan aka lura, za a ga cewa buƙata ce ta haifar da wannan fasali. Badagiri wuri ne mai laima da zazzaɓi, don haka Turawan lokacin suka fi son kwana a sama, inda iska ke kaɗawa, nesa da danshin ƙasa.

To sai dai batun “benen farko” yana da rauni. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, wato shekara 21 kafin a gama gidan Badagiri, ya bayyana gidajen ƙasa na birnin masu matakala da ɗakuna a sama. Haka nan hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girmi zuwan 'yan mishan da ɗaruruwan shekaru. Wannan ya nuna magina Hausawa sun daɗe da sanin yadda ake ɗora ɗaki bisa ɗaki da tubali da azara. Abin da ya dace a ce shi ne, gidan yana cikin benaye na farko da aka yi bisa tsarin Turawa a ƙasar nan. Barin kirarin yadda yake tamkar share tarihin ginin gargajiya ne daga zukatan ɗaliban da ake kaiwa ziyara wurin.

Bugu da ƙari, akan ce a nan ne Samuel Ajayi Crowther ya fassara Baibul zuwa Yarabanci. Gaskiya ne ya zauna a Badagiri daga 1845, amma a 1846 ya wuce Abekuta, kuma cikakkiyar fassarar ba ta fito ba sai 1884, da hannun mutane da dama. Ke nan gidan mafari ne kawai na wani dogon aiki.

Duk da haka, waɗannan gyare-gyare ba su rage darajar gidan ba. Yana tsaye a garin da ya yi suna wajen cinikin bayi, kuma ya ba da masauki ga Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro, daga baya ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika a 1864. A taƙaice, wannan tarihi kaɗai ya isa hujjar adana ginin, ba sai an jingina masa abin da ba nasa ba.