Suna Ɗaya, Tsirrai Da Yawa: Sharhi kan Yadda Ake Koyar da Sunayen Tsirrai a Darussan Hausa, da Misali daga Paikon Kore

1.0 Gabatarwa

Sunayen itatuwa da ciyayi da ganyayen miya suna cikin kalmomin farko da ake sa wa ɗalibi a gaba a darasin Hausa, kuma sukan sake ɓullowa a darussan kimiyya da na noma. Hanyar da ta zama ruwan dare wajen koyar da su ita ce ta jadawali: a rubuta sunan Hausa a gefe guda, a rubuta takwaransa na Ingilishi ko na kimiyya a ɗaya gefen, a ce wa ɗalibi ya haddace. Wannan maƙala sharhi ce a kan wannan hanya. Ra'ayinmu shi ne, jadawalin yana koyar da abin da ba haka yake a harshen ba, domin sunaye da yawa na Hausa kowannensu yana ɗauke da tsirrai daban-daban, kuma rashin faɗa wa ɗalibi hakan yana da illa ga iliminsa, wani lokacin har ga lafiyarsa da ta dabbobin gidansu.

Domin kauce wa ruɗani, za mu yi amfani da kalmar "nau'i" ga tsiro guda wanda masana suka ba shi sunan kimiyya mai kalma biyu, kalmar "gida" ga rukunin nau'o'in da suka yi tarayya a kalmar farko ta sunan, kalmar "dangi" kuma ga rukunin gidaje. Mun guje wa kalmar "jinsi" saboda ɗalibai sun riga sun san ta a nahawu da ma'anar namiji da tamata.

2.0 Abin da Muka Gani a Paikon Kore

Paikon Kore gari ne a ƙaramar hukumar Gwagwalada, cikin Babban Birnin Tarayya, kuma an san shi da makiyayar da gwamnati ta keɓe wa dabbobi. A aji guda akan sami 'ya'yan Gwari da na Fulani da na Hausawa, kuma ga da yawansu Hausa harshe na biyu ce. Dajin yankin ya fi na ƙasar Kano da Katsina ruwa da duhuwa, saboda haka tsirransa ma sun bambanta.

A wata ziyara da muka kai wata makaranta a yankin cikin damina, malamin Hausa, wanda ya tashi a ƙasar Katsina, ya sa ɗalibai su zo da ganyen kalgo. Suka kawo ganye manya-manya masu gashi-gashi ja a bayansu. Malamin ya juya ganyen, ya ce bai yi kama da kalgon da ya sani ba. Wani yaro Bafulatani ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shi ne, mu barkehi muke ce masa, shanunmu suna cin 'ya'yansa." Da malamin da ɗalibin duk sun yi gaskiya. Kalgon ƙasar Katsina, mai ƙananan ganye marasa gashi, shi ne Piliostigma reticulatum, wanda kuma ya fi yawa a dajin Abuja shi ne Piliostigma thonningii. Bahaushe yana kiran kowannensu kalgo. Takardar da malamin yake koyarwa da ita suna ɗaya kawai ta ba shi, shi ya sa ya yi shakkar abin da ke hannunsa. Da a ce jarrabawa ce, da ɗalibin da ya fi kowa sanin itacen ya faɗi.

3.0 Yadda Hausa Take Raba Sunaye

Idan aka duba sunayen da tsirrai da yawa suke tarayya a kansu, za a ga ba a kara-zube suke ba. Muna iya kasa su gida huɗu.

3.1 Akwai sunan da ya tattara nau'o'in gida ɗaya masu kama da juna da amfani iri ɗaya. Ban da kalgo, akwai baushe, wanda ake kiran nau'o'i da dama na gidan Terminalia da shi, da lalo ga nau'o'in Corchorus, da kyasuwa ga ciyayi biyu da tsofaffin littattafai suka rubuta Pennisetum pedicellatum da Pennisetum polystachion, da zaƙami ga nau'o'in Datura. Haka nan tinya tana nufin Euphorbia poissonii da Euphorbia unispina, nonon kurciya kuma yana nufin Euphorbia hirta da wasu ƙananan 'yan'uwanta masu fitar da farin ruwa.

3.2 Akwai sunan da ya bi amfani ko siffa, ya tsallake iyakar gida. Karkashi yana nufin tsiron da aka daɗe ana rubutawa Ceratotheca sesamoides, yana kuma nufin Sesamum radiatum, saboda duka biyun suna ba miya yauƙi. Alayyafo yana nufin nau'o'in Amaranthus, amma ana fassara wani ganyen Turawa na gidan Spinacia da shi. Gadali kuwa suna ne na tarin tsirrai masu kan albasa a ƙasa, har da na gidan Crinum.

3.3 Akwai sunan da ake rarrabe shi da wurin zama. Kauci suna ne na tsirrai da yawa da ke tsira a kan rassan itatuwa, daga gidajen Tapinanthus da Agelanthus da wasunsu. Masani yana raba su ta fure da ganye, shi kuwa mai maganin gargajiya yana raba su ta itacen da suka hau: kaucin kaɗanya, kaucin ɗorawa, kaucin tsamiya. Nau'i ɗaya yana iya samun sunaye uku, suna ɗaya kuma yana iya ɗaukar nau'i biyu.

3.4 Akwai harɗaɗɗen suna, inda kalmar farko ta nuna kama, ta biyu ta nuna bambanci. Gwanda ita ce Carica papaya, gwandar daji kuwa Annona senegalensis ce, kuma ko dangi ba su haɗa ba. Gasaya ita ce Cleome gynandra, namijin gasaya kuwa Amaranthus spinosus ne. Gauta abinci ne, gautan kura ba abinci ba ne.

Har ila yau, bai kamata a ɗauka cewa Hausa kullum dunƙulewa take yi ba. A gidan Ficus kaɗai tana da ɓaure da gamji da cediya da durumi da uwar yara, kowanne da sunansa. Inda bambanci yake da amfani ga manomi ko makiyayi ko mai girki, harshen ya fayyace shi. Inda ba shi da amfani gare su, ya haɗa. Wannan tsari ne da ya cancanci a koyar da shi a matsayinsa na ɓangaren ilimin ma'ana.

4.0 Sharhi kan Littattafan da Ake Dogaro da Su

Mafi yawan jerin sunayen da ke yawo a hannun malamai, in an bi salsalarsu, suna komawa ga ayyuka 'yan kaɗan. Na farko shi ne ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel, likita ɗan ƙasar Sikotilan, ya wallafa a 1916, da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma na 1937, wanda H. M. Burkill ya sabunta cikin juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004. Sai ƙamusun Bargery na 1934, da jerin sunayen Hausa da Z. O. Gbile ya fitar a 1980 daga Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da jerin Roger Blench na 2007.

Adalci ne mu ce masu tattara sunayen tsirrai a cikinsu ba su ɓoye tarayyar suna ba. Sau da yawa sukan kawo nau'i fiye da ɗaya ga suna guda. Matsalar tana faruwa ne wajen kwafa. Mai shirya takardar darasi yakan ɗauki sunan kimiyya na farko ya bar sauran, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ba zai san an bar komai ba. Ga illoli uku da muka lura da su.

Ta farko, tsohon rubutu. Dalziel ya yi aikinsa kafin a tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa na yanzu da haruffa masu ƙugiya, don haka har yau ana cin karo da "kauchi" da "madachi" da "chediya" a rubuce-rubuce, maimakon kauci da maɗaci da cediya.

Ta biyu, ɗaukar sunan kimiyya tamkar dutse da ba ya motsi. Tsarin suna mai kalma biyu ya kafu ne tun littafin Linnaeus na 1753, amma sunayen suna canzawa gwargwadon ci gaban bincike. Tafasa da tsofaffin littattafai suka sa a gidan Cassia yanzu tana gidan Senna. Gawo da aka san shi da Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Bayan taron masana tsirrai na duniya na 2011 a Melbourne, wanda ya tabbatar da barin sunan Acacia ga itatuwan Ostireliya, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, dakwara kuma Senegalia senegal. Malamin da ke riƙe da tsohon jeri zai iya soke amsar ɗalibin da ya karanta sabo.

Ta uku, watsi da wuri da karin harshe. Itace ɗaya, Azadirachta indica, ana ce masa darbejiya da dogon yaro da maina da bedi, gwargwadon gari. Jadawalin da bai faɗi inda aka ji suna ba yana sa ɗan Paikon Kore ya ɗauka cewa abin da ya ji a gida kuskure ne.

5.0 Inda Abin Ya Shafi Rai

Da ruɗanin ya tsaya a makin jarrabawa, da da sauƙi. Amma akwai sunayen da kuskure a kansu yake taɓa rai. Gwaska tana nufin Erythrophleum suaveolens, itacen da ɓawonsa yake da dafi mai tsayar da zuciya, wanda a da ake ba wanda ake tuhuma ya sha. An kuma rubuta sunan ga Andira inermis, wanda ake shan ɓawonsa don magani. Wanda ya karanta cewa "gwaska magani ce" bai san wacce ake nufi ba. Cikin tsirrai masu kan albasa akwai albasar kura ta gidan Drimia, mai dafin da ke kashe dabbobi, abin da ya kamata ɗan makiyayi ya ji a aji. Maɗaci, wato Khaya senegalensis, babban itace ne da aka saba jiƙa ɓawonsa. Maɗacin ƙasa kuwa, wato Aristolochia albida, tsiro ne mai yaɗo wanda ɗaci kawai ya haɗa su. Yar da kalma ta biyu a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya faru a ƙasar Beljiyam ya isa misali. Daga 1990, wani wurin rage ƙiba ya riƙa ba mata magani da ya kamata ya ƙunshi tsiron ƙasar Sin mai suna Stephania tetrandra, amma aka sa Aristolochia fangchi a madadinsa, domin a harshen Sinanci duka biyun suna ɗauke da sunan "fang ji". An bayyana lamarin a 1993. Fiye da mutum 100 suka kamu da ciwon ƙoda, wasu daga baya suka sami ciwon daji a hanyar fitsari. A 2002 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan da ke ɗauke da tsirran gidan Aristolochia cikin masu haddasa wannan ciwo. Maɗacin ƙasa ɗan wannan gida ne.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba masu tsara manhaja da marubuta littattafai da malamai waɗannan shawarwari:

(i) A nuna wa ɗalibi tun da wuri cewa suna ɗaya yana iya ɗaukar tsirrai da yawa, kuma tsiro ɗaya yana iya samun sunaye da yawa. A firamare a yi haka da ganye a hannu, ba tare da sunan kimiyya ba.

(ii) A matakin sakandare, inda aka kawo sunan kimiyya, a rubuta dukkan nau'o'in da aka tabbatar, ko a rubuta sunan gida kaɗai idan sunan Hausa gidan ya tattara.

(iii) A koyar da harɗaɗɗun sunaye irin su gautan kura da maɗacin ƙasa a dunƙule, a kuma yi amfani da su a darasin ƙirar kalma, domin ɗalibi ya ga aikin da kalma ta biyu take yi.

(iv) Kowace makaranta ta haɗa kundin busassun ganye na yankinta, a rubuta sunan Hausa da na sauran harsunan ɗalibai da wurin da aka tsinko. A wuri kamar Paikon Kore, makiyaya da manoma da mata masu sayar da ganyen miya za su taimaka ƙwarai.

(v) Kada littafin harshe ya ambaci amfanin tsiro a magani ba tare da gargaɗi ba, musamman inda sunan yake da ma'ana fiye da ɗaya.

(vi) Masu shirya jarrabawa su karɓi duk amsar da ta inganta a wani karin harshe, su kuma sabunta sunayen kimiyya da ke cikin takardun duba amsa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa jadawalin suna-da-takwara bai dace da yadda Hausa take sa wa tsirrai suna ba, kuma littattafan asali sun fi kwafe-kwafen da aka yi daga gare su faɗin gaskiya. Gyaran da muke nema bai buƙaci kuɗi mai yawa ba: ƙarin gida ɗaya ne a jadawali, da ganye a kan tebur, da malamin da aka horar ya tambayi ɗalibi a ina ya tsinko kafin ya yanke masa hukunci. Muna fata cibiyoyin horar da malamai da sassan Hausa da na ilimin tsirrai a jami'o'inmu za su haɗa kai wajen samar da jerin sunaye na kowane yanki, wanda malamin aji zai iya dogaro da shi.