Zayyana da Gafaka: Sharhi a Kan Tara Littattafan Hannu a Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi kudu, ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, ya bi ta ƙasar da alƙalami ya daɗe yana aiki. A Sifawa, dab da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya kafa gida. A wannan zamani ne Abdullahi ya wallafa Tazyinul Waraƙati, watau a 1813. Manazarta sun yi ta rubutu a kan abin da littattafan wannan zamani suka ƙunsa. Amma shi kansa littafin, takardarsa da tawadarsa da suturarsa, bai sami rabonsa na nazari ba, kuma yadda aka tara shi yana da hannu a cikin wannan rashi.

Aikin tarawa na zamani masana tarihi ne suka ja ragamarsa. W.E.N. Kensdale ya tsara jerin littattafan Larabci na Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sannan a 1964 aka kafa Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya zauna a Zariya, aka kuma buɗe Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ba mai musun amfanin wannan aiki. Ba dominsa ba, da gara da damina sun cinye abin da ba ya maiduwa. To, amma buƙatar mai tarihi matani ce. Da yawa daga cikin littattafan an ɗauki hotonsu ne a ƙaramin fim ko da injin kwafi, baƙi da fari, aka mayar wa masu su. Hoton ya riƙe kalmomi, ya zubar da launi. A Alƙur'anin hannu na ruwayar Warshu kuwa launi ba ado ba ne kawai: baƙi na baƙaƙe ne, ja na wasulla, ɗigon rawaya na hamza. Idan duk suka koma toka-toka, an shafe wani sashe na ilmin marubucin.

Akwai kuma wani zato da ya kamata a tsaya a kansa, cewa wai littattafan Sakkwato ba su da fasaha idan aka gwada su da Alƙur'anan Barno. Gaskiya ne kwafen littattafan fiƙihu da na wa'azi yawanci ba su da ƙawa. Hannun sauri ne, na malamin da yake so karatu ya kai ga almajiri. Sai dai rashin zayyana ba rashin tsari ba ne. Marubuci yakan bar gefe mai faɗi domin sharhi, ya ware layi daga layi domin mai karatu ya cusa fassarar kalma da Fillanci ko Hausa, ya sa jan tawada a kan babi da fasali. A ƙasan shafi yakan rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba, domin ba a ɗinke littafin ba, kuma wannan kalma ita ce zaren da yake riƙe da shi. Rashin ɗinkin ma hikima ce: littafi guda yana iya rarrabuwa a hannun ɗalibai goma a zaure ɗaya, da yamma ya koma cikin tadarishinsa, a ɗaure, a sa a gafaka. Wanda ya auna wannan da mudun littafin ɗab'i, sai ya ga kamar aiki ne da ba a gama ba.

Ita takardar ma shaida ce. Mafi yawanta daga Italiya take, ta biyo Masar ko Tarabulus ta ratso Sahara, da tambarin jinjirin wata uku wanda ake gani in an ɗaga ta a haske. Wadda take ɗauke da sunan Andrea Galvani ta shigo ne bayan rasuwar Shehu a 1817, saboda haka kwafen da aka yi a kanta ba na zaman Sifawa ba ne, kome ƙarfin da'awar mai shi. Hoto ba ya nuna wannan tambari.

A.D.H. Bivar ya fara rarrabe salon hannu na Afirka ta Yamma a 1968, Salah Hassan ya fitar da littafi a kan fasaha da karatun Musulunci a ƙasar Hausa a 1992, Andrea Brigaglia da Mauro Nobili kuma suka zurfafa a kan hannun Kano da na Barno. Hannun Sakkwato da Gwandu yana jiran irin wannan kulawa.

Inda ido ya fi samun abin kallo shi ne Alƙur'ani da allon sauka. Alamomin izu da nusufi da rubu'i da sumuni, da wuraren sujada, su ne filin da mai zayyana yake nuna gwaninta, da da'ira da murabba'i da saƙa irin ta gaban riga. Allon sauka, mai ɗauke da Fatiha da farkon Baƙara, shi ne abin da gida yake ajewa a matsayin shaidar ɗansa, kuma ba safai jerin ɗakunan adana littattafai suke kula da shi ba, tun da ba ya ɗauke da matanin da ba a sani ba. Gafaka ma haka: aikin dukawa ce, da jar fatar akuyar Sakkwato, amma sau da yawa a jeri ba a ko ambata ta.

Garin Shagari ya ba da abin kwatance. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 yana malamin makaranta, ta kuma yaɗu da boko ta hanyar ɗab'i. Kowane kwafe daidai yake da ɗan'uwansa. In ɗaya ya ɓace, saura sun wadatar. Littafin hannu ba haka yake ba, kuma babban haɗarinsa ba ɓarawo ba ne, rabon gado ne. Abin da ya sa ya dace da zaure, watau rashin ɗinki, shi ne yake sauƙaƙa wa magada su kasa shi, kowa ya ɗauki rabonsa domin albarka, gafaka ta bi wani, ƙarshen littafi mai sunan marubuci da shekara ya bi wani.

Saboda haka raba littafi da gidansa ba shi ne magani ba. Na'urar ɗaukar hoto ta yau tana riƙe launi, kuma ana iya kai ta har zauren mai littafi. Abin da ya rage shi ne takardar jeri ta sami gurbin girman shafi, da tambarin takarda, da launin tawada, da irin fatar gafaka, da silsilar waɗanda littafin ya bi ta hannunsu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna Sakkwato, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Boɗinga.