Matakai 12 da Ciwon Ci: Me Za Su Tsinana a Sakkwato?

A watan Janairun 1960 wasu mata uku suka kafa ƙungiyar Overeaters Anonymous, wato OA, a birnin Los Angeles na Amurka. Jagorarsu, Rozanne S., ta taɓa halartar taron masu fama da caca, ta ji labarinsu kamar nata, sai dai ita abinci ne ya fi ƙarfinta. Tsarin da suka ara na mashaya giya ne, wanda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka assasa a Akron a 1935: mutum ya amince abin ya gagare shi, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya lissafa laifuffukansa ya faɗa wa wani, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta, sannan ya kama hannun na bayansa. Babu likita a zaman, babu kuɗin shiga, kuma sunan farko kaɗai ake faɗa.

Abin da suke yaƙa ba kwaɗayi ba ne irin wanda muke yi wa juna tsiya da shi. A 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi jerin cututtuka: mutum ya narki abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, ya kasa tsayawa ko da ya ƙoshi, galibi a ɓoye, daga baya kunya da nadama su rufe shi, kuma hakan ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. A garin da ake wa mai ƙiba kallon wanda ya samu hutu, kuma tamowa ke kwantar da yara a asibiti, mai wannan larura ba ya samun bakin magana. Idan ya yi, dariya za a yi masa.

Shin tsarin yana aiki? A kan giya, hujja ta samu. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020 ta nuna cewa shigar da mashaya cikin tsarin matakai 12 yana kai su ga daina sha kamar sauran hanyoyin magani, wani lokaci ma fiye. A kan abinci kuwa binciken ƙanana ne, mafi yawansu tambayar 'yan ƙungiyar aka yi, kuma wanda ya zauna har aka tambaye shi ai wanda abin ya karɓa ne. Waɗanda suka zo sau biyu suka gudu ba su shiga lissafi.

Matsalar da ta fi damuna tana cikin ginin tsarin kansa. Giya ana barinta bari na har abada. Tuwo ba a barinsa. Don haka da yawa daga 'yan OA suke fassara ƙauracewa da haramta wa kai suga ko fulawa, ko auna kowace loma. Hanyar da ta fi ƙarfin hujja, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a irin wadda Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya tsara, akasin haka take koyarwa: a ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada a bar yunwa ta taru, domin matsanancin hani shi ne ke haifar da narkar ta gaba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Basakkwacen da ya ji cin sa ya yi yawa, azumin nafila zai fara tunawa, kuma malamai tun daga Gazali sun yi dogon bayani kan karya sha'awar ciki. Azumi ibada ne, da ladansa. Amma mai wannan ciwo da ya mayar da shi horon kai, da an kira magariba zai haɗa kunu da ƙosai da fura da lemon kwalba ya rama har da riba, gobe kuma ya sake ɗaura niyya cikin jin haushin kansa.

Abin da OA ta iya, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne fitar da mutum daga ɓuya. Zama da waɗanda ba za su yi maka dariya ba yana rage kunyar da ke ciyar da ciwon. Sakkwato ba baƙuwar ƙananan da'irori ba ce. 'Yan Tarun Nana Asma'u mata ne ke koyar da mata a cikin gidaje. Musulmin Baltimore ma sun daidaita matakan da addininsu tun 1989 da sunan Millati Islami. Sai dai ɓoye suna, wanda shi ne ginshiƙin tsarin, zai yi wuya a Mabera ko Runjin Sambo, inda duk wanda ka tarar a zaure ya san surukanka. Mutanen da aka tarbiyyantar kan rufin asiri za su fi sakin jiki a tarukan OA na intanet, kodayake mafi yawansu da Turanci ake yi.

A ganina ƙungiyar abokiyar tafiya ce, ba asibiti ba. Ciwon nan yakan zo tare da ciwon damuwa, ciwon suga ko hawan jini, kuma babu matakin da ke auna ɗaya daga cikinsu. Wannan aikin likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kuma wanda zai shiga OA ya kamata ya nuna musu tsarin cin da aka ba shi kafin ya fara bin sa.