Hawayen Mai Karanta Labarai

A shekara ta 1987 James L. Brooks ya fitar da wani fim a Amurka mai suna Broadcast News. Labarin mutum uku ne masu aiki a ofishin labaran talabijin a birnin Washinton. Jane ita ce mai shirya labarai, mace mai himma da tsare gaskiya. Aaron ɗan jarida ne mai sani ƙwarai, amma ran da aka zaunar da shi ya karanta labarai, gumi ya yi ta karyo masa har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tom kuwa kyakkyawa ne mai daɗin murya, shi da bakinsa ya ce sau da yawa ba ya gane abin da yake karantawa.

Wata rana Tom ya yi hira da wata mace wadda aka yi wa fyaɗe. Tana cikin ba da labarinta, sai aka nuna fuskarsa da hawaye a kumatu, masu kallo suka ji tausayi. Daga baya Aaron ya tuna wa Jane cewa kyamara ɗaya aka je da ita. To, yaya aka ɗauki fuskoki biyu a lokaci guda? Jane ta nemo kaset ɗin ta duba. Ashe sai da aka gama hirar aka juyo da kyamara wajensa, ya matso hawayen da gangan.

Abin da na yaba wa fim ɗin shi ne, bai mai da Tom mugu ba. Yana da kirki da ladabi, matar ta kuma ba shi tausayi da gaske. A ganinsa maimaita abin da ya ji kawai ya yi. Jane ta rabu da shi saboda wannan, amma bayan shekara 7 shi aka ba babbar kujerar karanta labarai. Brooks bai yi mana ƙarya cewa mai gaskiya ne kullum yake ci gaba a duniyan nan ba.

Inda fim ɗin ya kāsa, ya manta da matar. An yi ciniki da baƙin cikinta, ba a kuwa sāke waiwayarta ba, hankali duk ya koma kan wanda Jane za ta so.

'Yan'uwa, wannan ya shafe mu da muke tsayawa gaban jama'a ran Lahadi. Ni ma na taɓa karya murya a wajen jana'iza domin in ga idanu sun jiƙe, aka yaba mini, na koma gida da kunya. Musa mai nauyin baki ne, duk da haka shi Ubangiji ya aika wurin Fir'auna. In ikkilisiya za ta zaɓi mai wa'azi, kada ta raina mai gumi domin mai daɗin murya.